Kafin ka kai jitarka wurin mai gyaran rediyo: wane gyara ne zai hana sauti dishewa?

Duk wanda ya taɓa kaɗa jita mai lantarki a gidan biki ya san wannan takaicin. Mawaƙi ya shigo da baiti, ka murɗa boliyom daga 10 zuwa 6 don kada ka danne masa murya, sai sautin ya dishe kamar an lulluɓe lasifika da bargo. Ƙara kaɗai ka so ragewa, amma zaƙin ya bi ta. Na daɗe ina ɗora wa amfilifayata laifi, saura ƙiris in rabu da ita a kasuwar Maigatari wata Alhamis, ashe ba ruwanta.

Haɗin bakin boliyom ne da wayar da ke zuwa amfilifaya. Kowace mita ta waya tana aiki kamar ƙaramar kafasita, ɗan kayan lantarkin nan da siririn amo ke ratsawa cikin sauƙi, kusan fikofarad 100 a ma'aunin kafasita. Da ka rage boliyom, sai ya tsaya wa sautin a hanya, wayar kuma ta tsotse siririn amon ta bar maka kaurin. Saboda haka kafin ka sayi komai, gwada waya mai mita 3 a madadin mai mita 10 ɗin da muke ja daga ƙarƙashin rumfa zuwa tsakiyar fili. Wani lokaci daga nan magana ta ƙare.

In ba ta ƙare ba, sai a yi wa siririn amon ɓarauniyar hanya. Boliyom ƙafa uku gare shi: ɗaya an manne ta da jikinsa, ta tsakiya tana fita zuwa amfilifaya, ta ukun ita ke karɓar sauti daga fikof, wato maganaɗisun nan da ke ƙarƙashin tsirkiya. Tsakanin ta ukun da ta tsakiya ake liƙa abin da za a saya. In boliyom yana 10, gyaran ba ya taɓa komai, sai ka fara ragewa.

Mafi sauƙi shi ne kafasita ita kaɗai, mai lamba 102 a jikinta, wato fikofarad 1000. Kamfanin Fender ya sa irinta a jitar Telecaster a ƙarshen shekarun 1960. Araha gare ta, tsohuwar rediyo ma za ka iya samu a cikinta. Amma ni ban ji daɗinta ba. Daga 5 zuwa ƙasa kaurin yana zubewa, ya bar wani tsinin sauti kamar kukan sauro. Mai jitar humbucker, wato mai tagwayen fikof, wadda boliyom ɗinta mai lamba 500k ne kuma sautinta mai duhu ne tun asali, zai fi iya zama da ita, musamman in ya sauko zuwa mai lamba 331 ko 471.

Wanda ke cikin jitata yanzu shi ne kafasita da rezista (ɗan kayan da ke rage gudun lantarki) a gefe da gefe, an murɗe ƙafafunsu tare. 102 da rezista 150k, mai zoben ruwan ƙasa, kore da rawaya. Rezistar tana barin wani kaurin ya wuce tare da zaƙin, don haka sautin 4 ƙanen sautin 10 ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Farashinsa kuwa shi ne hannunka sai ya sake karatu. Tafiyar boliyom tana canzawa, ƙarar ba ta saurin sauka kamar da, inda ka saba tsayawa a 6 yanzu sai ka gangara 4. Biki biyu na yi ina laluben wurin kafin yatsana ya gane.

Akwai kuma jerawa a layi ɗaya, kafasita 122 sannan rezista 130k a bayanta, haɗin da aka sani da sunan Kinman, mai ƙera fikof ɗan Ostareliya. Bai cika taɓa tafiyar boliyom ba, kuma zaƙinsa da kunya. Masu jita samfurin Stratocaster mai boliyom 250k, irin wadda makaɗan Agadas suka sa samarinmu so, su aka yi wa shi. Sai dai 130k tana wuyar samu a teburin mai gyaran ƙauye. In an leƙa Sabon Gari a Kano ba a dace ba, 120k za ta yi.

Hanyar da ba ta cin ko kwabo ita ce ta jitocin kamfanin Gibson na shekarun 1950: a cire wayar maɓallin ton, mai daidaita zaƙin sauti, daga ƙafar shiga ta boliyom, a mayar da ita ƙafar tsakiya. Dishewar tana raguwa sosai, amma maɓallan biyu suna zama kishiyoyi, ka taɓa wannan wancan ya amsa. Mai barin ton a 10 kullum ba zai damu ba. Jita mai batir 9 bol a ciki, irin mai fikof ɗin EMG, ba ta buƙatar ko ɗaya cikin waɗannan.

Kada ka bari a narka dalma tun ranar farko. Stratocaster sai an sassauta tsirkiya an kwance kusoshi 11 kafin a kai ga boliyom, ba aikin da za ka so maimaitawa ba ne. Ka ce wa mai gyara: "Malam, liƙa min siraran wayoyi biyu a ƙafafun nan, ka zaro su waje." Sai ka riƙa ɗaura haɗi ɗaya bayan ɗaya a bakinsu, da wayarka da amfilifayarka, a ƙarar da kake kaɗawa a fili. Ka kuma tsaya a kansa lokacin liƙin ƙarshe, don a garinmu in babu wuta a gawayi ake gasa ƙarfen dalma, kuma in ya daɗe a kan ƙafar boliyom zai ƙona cikinsa. In dama boliyom ɗin yana ƙarar-ƙarar saboda ƙurar hunturu, ka sayo sabo tun daga Kano, mai harafin A kafin lambar, a canza gaba ɗaya tunda an riga an buɗe.