Sharhi: ɗan ƙarin AppIndicator da ya dawo min da alamomin manhajoji

Kwamfutar tebur ɗina ta kwana biyu, amma ƙalau take. Abin da ta rasa shi ne TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro na cikin na'ura da Windows 11 ke nema, shi kuma Windows 10 tallafinsa na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Maimakon in yar da na'urar da ba ta yi min laifin komai ba, sai na saka mata Fedora, wani nau'in Linux, mai fuskar allo da ake kira GNOME. Sauti ya tashi, intanet ya kama, firinta ma ba ta yi gardama ba. Na saka Telegram da Nextcloud na ajiyar fayil da KeePassXC na kalmomin sirri, na rufe tagoginsu kamar yadda hannuna ya saba, na kai ido lungun allo domin in ga 'yan alamominsu sun jeru. Wayam. Alamar sauti da ta intanet da ta kashe wuta kawai ke sama ta dama, agogo kuma yana tsakiya shi kaɗai.

Wanda ya daɗe a Windows ya san matakan da ake bi in haka ta faru. Ka danna 'yar kibiyar nan da ke ɓoye alamomi, ka leƙa saitin sandar ƙasa, in abin ya ƙi ka latsa Ctrl da Shift da Esc ka sake tayar da Windows Explorer. Da wannan tunanin na shiga neman gyara, shi ya sa na ɓata yammaci guda a banza. Na kashe na kunna. Na cire Telegram na mayar har sau biyu. Na buɗe System Monitor, ga manhajojin nan suna aiki a ɓoye, suna cin ƙwaƙwalwa, amma babu ƙofar da zan bi in same su. Wanda ya fi damuna Nextcloud ne, domin launin alamarsa ke gaya min ko fayilolina sun gama hawa kafin in kashe kwamfuta.

Ashe babu abin da ya lalace. Ina ta neman maganin ciwon da babu shi. Masu GNOME da gangan suka cire tsohon wurin alamomin nan tun fitowar GNOME 3.26 a watan Satumban 2017, bisa ra'ayin cewa manhaja ta riƙa magana da mutum ta hanyar sanarwa ko ta tagarta, ba ta laɓe a lungu ba. Masu Ubuntu, wani nau'in Linux ɗin, da yawa ba su ma san an yi haka ba, saboda tun Ubuntu 17.10 ake haɗo musu ɗan ƙarin da ke cike wannan gurbi. Fedora kuwa yadda GNOME yake haka take miƙo maka shi. To wannan ɗan ƙarin, wato ƙaramar manhajar da ake liƙa wa GNOME domin ƙara masa aiki, shi ne abin da nake sharhi a kai. Cikakken sunansa "AppIndicator and KStatusNotifierItem Support", suna kamar na takardar kotu, don haka zan riƙa cewa AppIndicator.

Yana da kyau a fahimci abin da yake yi, domin fahimtar ce ta fitar da ni daga matsaloli biyu daga baya. Manhajar zamani a Linux ba ita ke zana alamarta a sandar sama da kanta ba. Tana aika saƙo ta wata hanyar sadarwa ta cikin tsarin mai suna D-Bus, tana neman wani mai tsaron ƙofa da ake kira StatusNotifierWatcher, ƙa'idar da ta samo asali daga KDE, masu wata fuskar Linux ta daban. In ta same shi, sai ta ba shi hotonta da jerin zaɓuɓɓukanta, shi kuma ya nuna. A GNOME tsantsa babu mai tsaron ƙofar. Manhaja ta yi sallama, shiru, sai ta koma ta zauna. AppIndicator shi ne mai amsa sallamar. Yana kuma karɓar tsofaffin manhajoji masu amfani da tsohuwar hanya, wadda ake kira XEmbed.

Sakawa ba wuya. A Terminal, tagar da ake rubuta umarni, na rubuta sudo dnf install gnome-shell-extension-appindicator, ya sauko cikin ƙiftawar ido. Nan kuma na sake yin wauta: na zauna ina kallon allo ina jiran alamomi su fito. Ba za su fito ba. A kan Wayland, sabon tsarin zana tagogi a allo wanda shi Fedora ke amfani da shi, dole ka fita daga asusunka ka sake shiga kafin GNOME ya ga sabon ƙari. Tsohuwar dabarar sake tayar da GNOME ta latsa Alt da F2 a rubuta r ta tsohon tsarin X11 ce, a nan ba ta aiki. Bayan na dawo na buɗe manhajar Extensions na kunna shi, sai ga jirgin takardar Telegram da makullin KeePassXC da alamar Nextcloud sun bayyana a jere. Har sai da na yi wa kaina dariya.

Wata uku ke nan ina tare da shi, kuma yabon da ya fi dacewa da shi shi ne na manta yana nan. Bai taɓa daskarar min da allo ba, ban kuma ji ya ƙara wa tsohuwar na'urar nauyi ba. Saitinsa kaɗan ne amma masu amfani: girman alama, duhu ko haskenta, rage kaifin launi, da zaɓin ko su zauna hagu, tsakiya ko dama. Na rage launin sosai, domin alamomin GNOME farare ne, in ka bar shuɗi da kore da ja a gefensu sai sandar ta yi kama da an zubar da kwalin fenti. Akwai ma wurin da za ka musanya alamar wata manhaja da hoton da ka ga dama. Sau ɗaya na gwada, ya yi, ban sake komawa ba.

Inda hannuna bai saba ba har yau shi ne dannawa. A Windows danna ɗaya kan buɗe taga, dannan dama ya kawo zaɓuɓɓuka. A nan danna ɗaya jerin zaɓuɓɓuka yake saukowa da shi, sai ka danna sau biyu da sauri taga ta buɗe, shi ma in manhajar ta tanadi hakan. Sannan in ka ɗora linzami a kan alama ka tsaya, babu ɗan rubutun nan da ke fitowa ya gaya maka sunanta ko halin da take ciki. Ƙaramin abu ne, amma ranar da alamomi biyu masu kama da juna suka zauna kusa, sai da na riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman makulli a aljihu.

Manhajoji biyu sun ƙi fitowa duk da haka, kuma a duka biyun ba laifin AppIndicator ba ne. Ta farko wata manhajar hira ce da na sauke ta Flatpak, wata hanyar rarraba manhajoji a Linux. Irin waɗannan a killace suke aiki, sai abin da aka ba su izini suke taɓawa, ita kuma wannan ba a ba ta izinin magana da mai tsaron ƙofar ba. Na buɗe Flatseal, manhajar da ake gyara izinin Flatpak da ita, na je sashen Session Bus, na ƙara org.kde.StatusNotifierWatcher a jerin waɗanda za ta iya yi wa magana, na rufe ta na sake buɗewa. Shi ke nan, ta fito.

Ta biyu ta fi ba ni wahala saboda ba kullum take ɓacewa ba. Wata manhajar VPN ce da ke tashi da kanta in na shiga. Yau a ga alamarta, gobe babu, amma in na rufe ta na buɗe da hannu sai ta bayyana. Kwana huɗu ina zargin ɗan ƙarin kafin in gane tsere ake yi: wani lokaci manhajar kan riga mai tsaron ƙofa isowa, ta yi sallama sau ɗaya, ba ta kuma sake gwadawa. Manhajar da aka rubuta da kyau tana jira ta sake rajista, wannan kuwa ba ta da wannan haƙurin. Na shiga fayil ɗinta da ke cikin ~/.config/autostart, na sa ta jira daƙiƙa 10 da umarnin sleep kafin ta tashi. Tun ranar ba ta sake ɓata ba. Masu Windows ma suna ganin ɗan'uwan wannan, inda wasu manhajoji ba sa mayar da alamarsu bayan Explorer ya sake tashi.

Abin da nake ɗari-ɗari da shi shi ne sabuntawa. GNOME na fitar da sabon zubi duk wata shida, Maris da Satumba, kuma ƙari ba ya aiki sai an daidaita shi da sabon. Lokacin GNOME 45 a 2023 an sauya yadda ake rubuta ƙari gaba ɗaya, kowanne sai da aka gyara shi. Shi ya sa na zaɓi in ɗauko nawa daga rumbun Fedora maimakon shafin extensions.gnome.org, domin ya riƙa sabuntuwa tare da sauran tsarin. Ko da haka, ba zan yi gaggawar hawa sabon zubi a makon da ya fito ba.

Wani zai ce ai tun GNOME 44 akwai sashen Background Apps a cikin saitin gaggawa. Akwai shi, na kuma gwada. Yana nuna wasu manhajojin Flatpak da ke aiki ba taga, ya ba ka damar rufe su, amma ba ya nuna min ko fayil ya gama hawa, ba ya kuma kawo zaɓuɓɓukan manhajar. Ga mai buƙata irin tawa bai isa ba.

In kana kan Ubuntu, kana da shi tuni, duba kawai ko a kunne yake. In kana kan fuskar KDE Plasma ko Cinnamon, wurin alamomin a gine yake, ba ruwanka da wannan. Amma in GNOME tsantsa ne a gabanka kuma kana da manhajar ajiyar fayil ko ta kalmomin sirri ko VPN da ke zama a ɓoye, shi ne abu na farko da zan ce ka saka. Cikin biyar na ba shi huɗu, ɗayan na riƙe saboda rubutun nan da ba ya fitowa in an ɗora linzami.