Koyon kanikanci a makarantar sana'a nan Maradi, yadda na same shi

Masu tambayata ko ya dace su kai ƙannensu makarantar koyon sana'a bayan sun bar lakkwal, amsata ita ce e ku kai su, amma don Allah kar ku cire yaro daga gareji saboda ya shiga aji. Ni ɓangaren kanikancin mota na yi a wata cibiya nan cikin gari bayan BEPC (jarrabawar ƙarshen kwaleji) ta ƙi ni, na hito da CAP, wato takardar shaidar iya sana'a, kuma duk tsawon karatun in an tashi sai in wuce wurin maigidana a Sabon Gari in ɗauki kile. Haɗa biyun nan shi ya taimake ni.

Abin da makaranta ta ba ni wanda gareji bai ba ni ba shi ne sanin dalili. A gareji za ka daɗe kana wanke kaya da esansi kana miƙo kile mai lamba goma sha biyu da goma sha huɗu, ba mai zama ya gaya maka me ya sa aka yi kaza, ka dai kalla ka kwaikwaya. A aji kuwa malam ya buɗe mana inji ya sa kowa ya juya shi da hannu har muka ga pisto na sauka ya sha mai da iska, ya hau ya matse, buji ya kunna, hayaƙi ya hita, muka gane me ake nuhi da 1-3-4-2, wato jerin yadda silinda huɗu ke kunnawa bi da bi. Ɗaurin kilas, wato murhin saman inji, ma a nan na koye shi daidai, daga tsakiya ake farawa a yi waje a hankali da kile mai awo, wallahi motoci da yawa da ke dawowa suna haɗa ruwa da mai ɗaurin ƙarhi ne kawai aka yi musu. Sai lantarki, wanda shi ne ya hi yi mini amfani. Batir mai lahiya wajen bolt 12,6 yake nunawa, in inji ya tashi ya kamata ya hau kusan 14, in bai hau ba to ka duba altarnato, abin da ke caja batir, kar ka sa bawan Allah ya sayi sabon batir a banza. Ranar da na gwada haka kan wata Hiace mai zuwa Dan Issa maigida ya tsaya yana kallon abin awon da ke hannuna, daga nan duk matsalar waya ni yake kira.

Inda ban ji daɗi ba shi ne kayan aiki. Injinan da muka koya a kansu tsofaffi ne masu karburato, alhali motocin da ke shigowa yanzu yawancinsu kwamfuta ke raba musu mai, na'urar nan da ake jonawa ƙasan sitiyari ta karanto cutar mota a allo kawai muka ganta, sai waje na taɓa ta. Mu da yawa kan inji guda, mai kunya sai ya gama wata bai kwance noti ba, ga wuta in ta ɗauke ƴan walda su zauna ƙarƙashin bedi har a tashi. Kuma komi da faransanci ake rubutawa, yaron da ya bar lakkwal tun firamare yana wahala sosai, gara malaman da ke juya bayanin da Hausa, Allah ya saka musu.

Ƴan ɓangaren gini sun burge ni gaskiya. Abokina da ya yi can yanzu yana karanta zanen gida, yana hidda kusurwa da igiya da mita kawai, santi 60 nan, 80 can, tsakani ya ba da 100, kuma in mai gini ya ce a rage siminti a dal, wato ruhin kankare, yana iya nuna mishi lissahin buhu bakwai a mita kib guda ya ce ƙasa da haka ba da shi ba. Su sun hi mu saurin samun aiki tunda gari sai faɗaɗa yake ta wajen Ali Dan Sofo da Zariya.

Wanda ya ci BEPC da maki mai kyau kuma yana son zurhi ya nemi Lycée Technique Dan Kasawa, daga nan hanya na iya kai shi har jami'ar Dan Dikko Dankulodo. Wanda bai ci ba cibiyoyin sana'a sun ishe shi farawa, sai dai kahin ku biya kuɗɗin rajista ku tahi da kanku ku ce a nuna muku ɗakin aiki, ku ƙirga injin da ke tashi, ku tambaya ko su ke nema wa yara wurin staj, wato gwajin aiki a waje, ko iyaye ne za su yi ta yawo. Kuma ku tanadi ƴan jikkuna na akwatin kile da abin awon lantarki tun shekarar farko, don na makaranta ba a barin yaro ya hita da su.