Marsandi E 350 ko RAV4: wacce za ta ɗauki iyali tsakanin Garwa da Marwa?

Wani ɗan'uwa daga Garwa ya kawo tambaya. Ya ga motoci biyu na hannu, Marsandi E 350 ƙirar 2008 da Toyota RAV4 ta wannan shekarar, kuɗinsu kusan ɗaya. Yana da mata da 'ya'ya huɗu, aikinsa a cikin gari yake, amma duk wata yana zuwa Marwa, da Sallah kuma sai ƙauyensu da ke bayan Gidar. Wacce zai ɗauka?

Malam, kafin a buɗe bonet, fara ƙirga kawuna. Ku shida ne, motocin nan kuwa kowacce kujera biyar gare ta, bel biyar. Yau ana ɗora auta a cinya, nan da shekara uku ba zai ɗoru ba. Akwai RAV4 doguwa ta Amurka da ke zuwa da ƙananan kujeru biyu a baya, amma ba kowacce ba, sai ka ɗaga shimfiɗar but ka gani da idonka. But ɗin Marsandi babba ne, lita 540, sai dai bakinsa ƙunci gare shi: akwatuna za su shiga, amma buhun gero da kula da keken yaro sun fi son ƙofar bayan RAV4.

A kan kwalta mai kyau babu gardama, Marsandi ce gaba. Ba ta da ƙara, tana manne da titi a kwana, birkinta ya fi kamawa, yara za su yi barci tun kafin Fitowa. RAV4 tana da tsalle, iska na kaɗa ta, kuma giyarta mai hawa huɗu tana sa inji kuka in za a wuce tirela. Kada kuma a ruɗe ka cewa mota mai nisa daga ƙasa ita ce mai tsaro a kowane hali: in aka kauce wa jaki ko babur da gudu, mai nisa daga ƙasa ta fi saurin kifewa.

Matsalar ita ce hanyarka ba duka kwalta mai kyau ba ce. Tsakanin cikin Marsandi da ƙasa bai kai santimita 15 ba, in an loda mata mutane da kaya ta ƙara zama. RAV4 tana da wajen 19. Bambancin bai fi yatsu uku ba, amma shi ne tsakanin wucewa lafiya da jin "ƙwas" a kan tudun rage gudu. Abin da ke fara taɓa ƙasa shi ne kaskon baƙin mai, in ya bugu da ƙarfi kuma yana iya tsagewa. Mai ya tsiyaye a hanyar ƙauye, direba bai lura da jar fitila ba, minti kaɗan inji ya kama. Haka taya: mai 245/45 R17 gefenta siriri ne, rami ɗaya mai kaifin baki ya isa ya fito mata da ƙulu ko ya lanƙwasa wili. RAV4 na hawa 225/65 R17, mai nama, kuma kowane mai faci ya san ta.

Da damina, in mayo, wato rafi, ya kawo ruwa ya haye hanya, Marsandi ta tsaya kawai. Bakin shan iskarta a ƙasa yake, in inji ya zuƙi ruwa sandar fistin ce ke lanƙwashewa, ga kwamfutoci birjik, batir ma a cikin but yake. RAV4 za ta jure fiye da haka, amma ita ma ba kwalekwale ba ce. Ruwa ya wuce tsakiyar taya, a jira ya janye.

Sai mai. A cikin gari da na'urar sanyi a kunne, ka sa ran E 350 ta sha lita 13 zuwa 15 a kilomita 100, RAV4 mai inji 2.4 kuma 11 zuwa 12. Ratar ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Inda gizo ke saƙar shi ne irin man: an ƙera injin Marsandi don fetur mai oktan 95, ba ya shiri da zuwa-zuwa na kwalba da ake sayarwa a bakin titi. Ƙura da ruwan da ke ciki su toshe matatar mai, famfon cikin tanki ya gaji, fitilar inji ta kama. Toyota ma ba son sa take ba, haƙuri ne kawai ta fi yi. Wajen juye kuma, Marsandi na cin lita 8 na baƙin mai mai lambar 229.5, RAV4 lita huɗu da 'yan kai. Da zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, kada ɗayansu ta wuce kilomita 5,000 ba a juye ba, ko me littafin Turai ya ce.

Abin da ya sa farashinsu ya zo ɗaya shi ne ainihin amsar tambayarka. Marsandin nan tana sabuwa ta ninka RAV4 kuɗi. Kuɗin motar ne ya faɗi, na kayan gyaranta yana nan inda yake. Injin V6 ɗinta, M272, an san shi da ciwo biyu: haƙorin da sarƙar taimin ke bi yana cinyewa a waɗanda aka ƙera da wuri, gyaransa kuma sai an sauke inji, sannan ɗan hannun roba da ke buɗe ƙofofin iska a manifol yana karyewa. Giyar 7G-Tronic tana da faranti mai na'ura a cikinta, in ya lalace mota ta maƙale a giya ɗaya, sabon kuma sai an haɗa shi da motar ta kwamfuta. In mai shokazoba na iska ce, wato Airmatic, balan-balan ɗin na tsagewa da zafi da tsufa. Idan kuma aka duba lambar shasi aka ga ashe ta kafin tsakiyar 2006 ce aka yi mata kwalliya, to tana da birkin SBC, mai famfon da ke da iyakar aiki. Ko ɗaya cikin waɗannan ba na makaniken gindin bishiya ba ne, kayan kuma sau da yawa sai an aiko daga Duwala ko Najeriya, mota na jibge a gareji.

RAV4 ma tana da nata. Injin 2.4, wato 2AZ-FE, na waɗannan shekarun yakan sha baƙin mai saboda zoben fistin. Mai V6 kuma tana da wani tiyon mai na roba da ke fashewa, a tabbata an sauya shi da na ƙarfe. Mai gazuwal 2.2 ta Turai a bar ta, nozul da matatar hayaƙinta ba sa jure man da muke samu. Amma duk wannan makanikan Garwa da Marwa sun saba da shi, safaya kuma tana kasuwa, sabuwa da ta hannu.

A tsakanin biyun nan, mu RAV4 za mu ce. In aljihu zai ɗan ƙara miƙewa, Highlander mai kujera bakwai ta fi dacewa da mutum shida, ko da yake in an ɗaga kujerun baya wurin kaya kaɗan ke saura. Prado sai in ƙauyen naku burji ne da yashi zalla, don mai injin 4.0 tana iya haura lita 16 a gari. In kuwa rai ya nace sai ƙasaitacciyar mota, Lexus ES 350 ta fi sauƙin riƙo, tunda ƙashinta na Camry ne, amma ita ma cikinta a ƙasa yake.

Kowacce ka tsayar, je ka gan ta da sassafe kafin a tayar da ita. Inji mai sanyi ba ya ɓoye ƙarar sarƙa ko shuɗin hayaƙi, Marsandi mai iska kuma in ta kwana gefe ɗaya a durƙushe ta gaya maka komai. A sa mata kwamfuta, a hau da ita rami a duba tsatsa, musamman wadda ta fito daga Kanada inda ake zuba gishiri a titi. Ɗaga kafet ka shinshina ko ta taɓa nutsewa. Lambar shasi mai harafi 17 ta zo daidai a jikin mota, a kartigiris (takardar rajistar mota) da takardar duwan (kwastan), balle in ta shigo ta iyakar Najeriya. Ka kuma tambayi kamfanin inshora nawa za ka biya kafin ka ba da kuɗi, domin tun 2017 a nan Kamaru tare da inshora ake karɓar binyet, wato harajin mota, kuma gwargwadon dawakin da ke rubuce a kartigiris ake yanka shi. Na Marsandi mai inji 3.5 ba zai zo ɗaya da na RAV4 mai 2.4 ba.