Eriba Troll ko Swift Basecamp 2: wanne ya fi dacewa da mata da miji?

Dukansu ƙananan ɗakunan tafi-da-gidanka ne da mota ke ja, na masu yawon buɗe ido a Turai. Eriba ɗan Jamus ne, Basecamp kuwa a Cottingham ta Ingila ake ƙera shi.

Abin da ya fi jan hankali a Eriba rufinsa ne: ana sauke shi lokacin tafiya, a ɗaga idan an yada zango. Saboda haka iska ba ta cika kaɗa shi a kan hanya ba, mai ma ba ya tafiya da yawa. Sai dai gefen rufin yadi ne. Idan aka rufe shi da danshi, fumfuna za ta kama shi, don haka a bari ya bushe tukuna.

Basecamp ƙofarsa a baya take. Ana naɗe kujerun a tura kekuna biyu ciki, a ɗaure su a ƙasa. Da kayansa yana kusan kilo 1,000, Eriba Troll kuwa kusan 1,300. Wahalar Basecamp ita ce haɗa gado daga kujeru kowane dare.

Ko wanne aka zaɓa, sabon direba kada nauyin ɗakin ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motarsa. Kaya masu nauyi a ajiye su ƙasa, daidai kan tayoyi, domin lodin baya shi ke sa ɗakin lilo a guje.

Ga masu doguwar tafiya, Eriba ya fi. Masu keke da ƙaramar mota su ɗauki Basecamp.