Gargaɗi: mai tallar jitar lantarki ta bogi a Legas ya cinye wa yaro naira 185,000

Jama'a, musamman matasanmu na Agege, Idi-Araba da Mile 12 da suka fara sha'awar kaɗa rok da metal, akwai wani ɗan damfara da yake tallar jitar lantarki a Facebook, daga nan ya ja mutum zuwa WhatsApp. Cewa yake tokumbo ce daga Amurka, yanzu aka sauke kwantena. Ya karɓi naira 185,000 a hannun wani yaro da yake koyon kiɗa a wurinmu. Dubu ɗari da tamanin da biyar, kuɗin da yaron ya tara da sayar da caja da murfin waya a bakin titi. Abin da aka kawo masa yana nan kan teburin gyara, mun kwance shi ƙusa-ƙusa, ko naira dubu ashirin ba zan ba da a kansa ba.

Masu cewa kwaɗayi mabuɗin wahala su dakata tukuna. Yaron bai yi gaggawa ba. Bidiyon da mutumin ya turo an kawo mana mun duba kafin a biya ko sisi, kuma jitar da ke cikin bidiyon ta gaskiya ce, har gobe a kan haka nake. Jackson JS22 Dinky ce baƙa. Mun tsayar da bidiyon mun ƙirga firet, wato ƙarafunan da ke gicciye a wuya, guda 24 cif. Farin adon nan mai kama da fiffiken kifi yana kan wuya, hambaka biyu (na'urorin ɗaukar sauti da ke ƙarƙashin wayoyin jita), sunan kamfani a kwance ƙarƙashin fenti, har lambar siriyal ya haska. Mutumin ya jona ta da amfilifaya ya kaɗa, sautin ya fito da kauri babu ƙugi. Farashin ma ba irin arahar da za ta sa mutum ya tsargu ba ne. Duk mai gyaran da aka nuna wa bidiyon nan zai ce jita ce mai kyau, domin mai kyau ɗin ce. Ba ita aka kawo ba, shi ke nan.

Abin da yake ta dawo mini shi ne saƙon muryar. Da Hausa tsantsa ya yi magana: "Ƙanena, amana ce tsakaninmu, dukkanmu baƙi ne a Ikko, ba zan ci haƙƙinka ba." Shi da bakinsa ya ce kada a biya duka, a tura 120,000, cikon 65,000 sai kaya ya iso hannu. Wane ɓarawo ne zai ce maka kada ka biya duka? Nan ya kama yaron. Ƙanena, wai. Amana, wai.

Ɗan aike ya zo a babur da kwali an naɗe shi da salatif tun daga sama har ƙasa, ya ce shi ba a biya shi kuɗin jira ba, akwai wasu kayan da zai kai Ikeja. Shi kuma mai kayan yana ta kira a waya. Yaron ya farke saman kwalin, ya ga baƙin kan jita mai tsini da suna a jiki, ya tura 65,000. Af, na tsallake wani abu: tun kafin 120,000 ɗin farko yaron ya nemi ya je shago da ƙafarsa. Mutumin ya ce shagonsa yana kasuwar Alaba a Ojo amma shi yana Apapa wajen fitar da kaya, kuma me zai sa ƙanensa ya kashe yini guda a cunkoso daga Agege zuwa Ojo? Da aka je neman shagon daga baya, babu wanda ya san shi a layin masu kayan kiɗa. Sunan kasuwar kawai ya ara.

To ga abin da ke cikin kwalin. Firet 22 ne, ba 24 ba. Wannan kaɗai ya isa shaida, domin jita ba ta zubar da firet a hanya. Sunan da ke kai sitika ce, farce yana ɗaga gefenta. Da muka cire murfin baya, ramin ya nuna katako hawa-hawa, filawud ne aka shafe da baƙin fenti. Ƙusoshi huɗun da ke riƙe wuya biyu sun sake, ramin wuyan ya fi wuyan faɗi, har an cusa guntun kwali a gefe don kada ya yi rawa.

Fikof ɗin, wato na'urar da ke ɗaukar sautin wayoyin jita, shi ne ya fi ba ni haushi, domin shi ne dalilin sayen jitar tun farko. Mai kaɗa metal yana buƙatar hambaka, wato fikof mai naɗin waya biyu da aka haɗa ta yadda ɗaya yake kashe ƙugin ɗaya. Mai naɗi ɗaya yana kwaso ƙugin wuta, kuma da zarar an ƙara distoshin, wato kaushin sautin da ake kaɗa metal da shi, ƙugin sai ya ninka, balle a gidajenmu da yawancin soket ba su da wayar ƙasa, ga janareto a bayan taga. Wannan macucin abin da ya sa shi ne naɗi ɗaya a cikin murfin hambaka, ɗaya gefen fanko. Gwajin bai kai minti biyu ba. Ka jona kebul a jita, ka buɗe ƙarar sauti har ƙarshe, ka zaɓi fikof ɗin da ke kusa da gada, wato ƙarfen da wayoyi suke zama a kai a jikin jita, ka sa maltimita a ma'aunin om, tsinke ɗaya a kan bakin kebul, ɗaya a jikinsa. Hambaka mai laushi yakan nuna wajen 7k zuwa 9k, wato om dubu 7 zuwa dubu 9, masu ƙarfin da ake sa wa jitar metal sukan wuce 10k, wasu har 16k. Wannan 5.6k ta nuna. Idan babu mita, a jona amfilifaya a taɓa kowane layin maganaɗisu da bakin sukundireba: na gaskiya layi biyun duk za su ba da ƙara, wannan layi ɗaya shiru. 185,000 a kan layi ɗaya.

Sai wuya. A cikin wuyan kowace jitar kirki akwai sandar ƙarfe da ake juyawa da alanki, wato ɗan makulli mai kusurwa shida, don miƙar da shi, domin jan wayoyi shida yana lanƙwasa katako, ga kuma laimar Legas. Idan ka danne babbar waya a firet na farko da na ƙarshe, tazarar da za ta rage a wajen firet na 7 ko na 8 kada ta wuce kamar milimita 0.25. Tsayin waya a firet na 12 kuma wajen milimita 2 a babbar waya, ɗaya da rabi a ƙarama. Wannan ta haura milimita 5. Muka sa alanki, sandar tana juyawa sakaka ba ta kama komai, a karye take a ciki. Fikof ana canzawa, makullan ɗaure waya ana canzawa, amma wuyan da sandarsa ta karye sai dai a sayi wani, kuma wa zai sayi sabon wuya ya ɗaura wa filawud? Mai koyo a kan irin wannan yatsunsa za su yi ta ciwo, sauti ba zai taɓa daidaita ba, ya ɗauka shi ne ba shi da hannu. Mun gwada sautin firet na 12 da na buɗaɗɗiyar waya, ya haura sosai, kuma ƙusoshin gada sun ƙure babu inda za a ƙara ja, alamar an dasa gadar ba a wurinta ba.

Har da gyara ya yi masa, wai: ƙaramin amfilifaya kyauta. A bayansa an rubuta 120V, wutar Amurka. Tamu 230 ce. Yaron ya jona shi a daren, ya yi hayaƙi. Wannan ya faru kafin ya kawo mana jitar, lokacin yana kiran lambar tana shiga ba a ɗauka. Washegari aka toshe shi. Duk amfilifayar da ta zo daga Amurka a karanta bayanta kafin a jona, in 120 ce sai da tiransifoma mai rage wuta.

Kamfanin Jackson ba ruwansa da wannan, sunansa aka sata. Wanda yake son jitar farawa ta gaske, ba sai ya je nesa ba: jerin JS na Jackson, jerin GIO na Ibanez, Epiphone Les Paul Special II mai hambaka biyu, ko Yamaha Pacifica 112 mai hambaka ɗaya a gada da masu naɗi ɗaya guda biyu, wadda ni na fi yaba wa ga wanda bai tsaya a kan metal kaɗai ba. Squier ma ta yi, amma a zaɓi mai hambaka. A ra'ayina mai koyo ya guji gada mai lilo irin ta Floyd Rose, domin waya ɗaya ta tsinke sauran biyar duk sun kauce, kuma sauke sauti zuwa dirof-D, wato sassauta babbar waya, ya zama aiki. Waya mai kaurin lamba 10 zuwa 46 ta ishe shi. Wanda kuma aka ce masa ga Gibson a farashin jitar koyo, ya dubi ƙaramin murfin sandar wuya da ke kai: na Gibson ƙusa biyu ne, jabu yawanci uku suke sawa, kuma in an buɗe, na gaskiya noti ne na tagulla ba ramin alanki ba. Lambar siriyal kada ta ruɗe ku, daga hoton jitar wani suke kwafowa.

An kai ƙorafi banki. Sunan da ke kan akawun daban, sunan da yake amfani da shi a Facebook daban, kuma 120,000 da 65,000 akawun biyu daban suka shiga. Jiya wani ya turo mana talla da sabon suna da sabuwar lamba, bidiyon nan dai shi ne, har tabon da ke kusa da makunnin sauti.

Kada ku biya ko kobo sai jita tana hannunku, an jona ta, kun ƙirga firet, kun sa alanki kun ji sandar wuya tana kamawa. Ɗan aiken da ba zai jira ba ya koma da kwalinsa. Zan saka hotunan hirar, rasit biyun, saƙon muryar da hoton mita a kan 5.6k da zarar an rufe bayanan yaron. Wanda ya taɓa ganin wannan bidiyo ko ya tura wa mutumin kuɗi ya ajiye rasit ɗinsa ya yi mana magana, ana haɗa ƙorafi ɗaya da za a kai wa 'yan sanda da EFCC.