Dambun Nama: Sayarwa Don Sha'awa Ko Sana'a Mai Rajista

Matar da take yin dambun nama don sha'awa, tana sayar wa 'yan uwa da maƙwabta ta WhatsApp, tana da 'yancin hutawa duk ranar da ta ga dama, sai dai kuɗin ciniki yakan gauraye da na cefane har ta kasa sanin ko riba take ci.

Wadda ta mayar da shi sana'a kuwa, sai ta yi rajistar sunan kasuwancinta a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ta buɗe asusun banki na daban, sannan ta nemi lambar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC kafin manyan kantuna su karɓi kayanta. Wannan hanya ta fi cin kuɗi da lokaci, amma a ganina ita ce ta dace da zarar waɗanda ba ta sani ba sun fara yi mata oda.