Yashin hoto: na fim da na sensa, wanne ne wanne?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa hoton da ka ɗauka da waya a wajen kamu da daddare ya fito yashi-yashi, alhali mai hoton bikin ya ɗauki wuri ɗaya da kyamara nasa ya fito tas, kuma ko irin tsakin tsofaffin hotunan fim ne. Kama ce kawai, asalinsu daban.

Tsakin fim abu ne da ke jikin fim ɗin, ƙwayoyin sinadarin azurfa masu kama haske. Fim mai saurin kama haske ƙwayoyinsa sun fi girma, shi ya sa fim ɗin Ilford Delta 3200 ya fi na Kodak Tri-X 400 tsaki. Amma ɗauki Tri-X ɗin nan guda. A fim na 35mm, faɗin kowane hoto milimita 36 da 24 ne. A babban fim da ake kira 120 mai 6×6, kusan 56 da 56. Ƙwayar ba ta canja ba ko kaɗan. Sai wajen wanki: in kana son hoto mai inci 8 da 10, sai ka buɗa ƙaramin kusan sau takwas, babban kuwa sau huɗu da ɗan wani abu ya isa. Tsakin da ka buɗa sau takwas dole ido ya gan shi.

Sensa, wato ɗan allon da ke kama haske a waya ko kyamara a madadin fim, ba ta da ƙwaya. Nata yashin kuskuren lissafi ne, kuma mafi yawansa daga hasken kansa yake. Ka lura da yayyafi a kan siminti: nan ɗigo, can ɗigo, tsakani a bushe. In ruwa ya kece, ko'ina ya jiƙe bai ɗaya. Haka haske yake sauka a kan sensa cikin duhu. Ƙara ISO, wato lambar da ake ɗagawa don hoto ya yi haske, ba ya ƙara ruwan, ɗigon da ya samu kawai yake kambamawa.

Nan girman sensa ke aiki: babba ta fi tara haske. Cikakkiyar sensa mai 36×24 ta ninka matsakaiciyar da ake kira APS-C sau biyu da ɗoriya, ta ninka ƙaramar da ake kira Micro Four Thirds kusan sau huɗu, wato ISO 6400 a kanta yashinsa ya yi kusa da na 1600 a ƙaramar. Ta wayoyi da yawa kuwa ba ta wuce farcen ɗan yatsa ba. Yawan megafiksel da ake rubutawa a kwali ba ya faɗaɗa ta.

Ni dai tsakin fim bai dame ni ba, har kyau yake ƙara wa baƙi-da-fari. Wanda ba na so shi ne ɗigon ja da kore da sensa ke watsawa a inuwa, sai kuma maganin da waya ke yi masa, ta goge fuskar amarya har ta koma kamar ta roba, zanen lalle ya narke. In da wayar za ka koma wani bikin, matsar da mutane kusa da fitila, ka kunna tsarin dare, ka ce su tsaya cak na daƙiƙa biyu zuwa uku.